Kundin Aikin Duwatsun Sverdrupfjella, Daga Antatika Zuwa Ɗakin Gwaji

29 ga Disamba, tashar SANAE IV

Tawagarmu ta masu nazarin duwatsu ta sauka a tashar binciken Afirka ta Kudu da ke kan tsaunin Vesleskarvet, a yankin Antatika da ake kira Ƙasar Sarauniya Maud, bayan jirgin ruwan S.A. Agulhas II ya kawo mu daga Cape Town zuwa bakin ƙanƙara, jirgi mai saukar ungulu kuma ya ƙarasa da mu. A wannan kundi zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya saura, domin duk wanda samfuran suka faɗa hannunsa bayana ya san inda kowanne ya fito da dalilin da ya sa aka fasa shi.

Tambayar da ta kawo mu guda ɗaya ce. Gabas da nan, a ƙetaren kogin ƙanƙara na Jutulstraumen, akwai jerin tsaunukan H.U. Sverdrupfjella, waɗanda akasarinsu dutsen nayis ne, wato dutsen da zafi da matsi suka gasa a can cikin ƙasa har ma'adanansa suka jeru layi-layi. An daɗe da sanin cewa duwatsun sun sha wannan gashi sau biyu: na farko tsakanin shekaru miliyan 1,100 da miliyan 1,000 da suka wuce, na biyu kuma wajen miliyan 550 zuwa 500, lokacin da nahiyoyin kudu suke haɗuwa su zama babbar nahiyar Gondwana. Inda masana suka rabu shi ne a kan wanne daga cikin biyun ya yi naɗe-naɗe da turin da ido yake gani a yau, inda duwatsun suka hau juna suna fuskantar arewa maso yamma. Wasu sun ce tsohon aikin ne, na biyun ɗumama su kawai ya yi. Wasu kuma sun ce na biyun ne ya sake murɗe komai, har ya kusa shafe sawun na farko.

Dutsen da tashar take kansa shi ma shaida ne. Dolarayit ne baƙi mai shekaru kusan miliyan 1,100, sa'an duwatsun Umkondo na Zimbabuwe da Botswana, kuma bai naɗe ba. Duwatsun laka da yashi na wannan ɓangaren suna kwance kusan yadda aka shimfiɗa su, a tsaunukan Annandagstoppane kuma akwai dutsen giranit da ya haura shekaru miliyan 3,000, wanda ya nuna cewa wannan yanki guntun tsohuwar ƙasar Kaapvaal ne ta kudancin Afirka. Ke nan iyakar da ta raba daskararriyar ƙasa da murɗaɗɗiyar tana binne a ƙarƙashin kogin ƙanƙarar, inda guduma ba ta kaiwa, dole sai dai mu karanta labarinta daga tsaunukan da ke gefe.

2 ga Janairu

An ƙetarar da mu ta sama, domin Jutulstraumen yana tafiyar ɗaruruwan mitoci a shekara, bayansa kuma cike yake da tsagogin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe bakinsu. Mun kafa tantuna kusa da Jutulrøra, ɗaya daga cikin tsaunukan Sverdrupfjella.

Kafin a taɓa dutse sai da muka daidaita kamfas. A wannan yanki allurar kamfas tana kauce wa arewa ta gaskiya da tazara mai yawa, kuma duk inda dutse yake ɗauke da ma'adanin maganadisu sai ta ƙara ruɗewa, don haka muka auna ta da inuwar rana da agogo, muka amince kowa zai riƙa maimaita wannan awo idan ya tsaya kusa da baƙin dutse. Rubutun fage da fensir ake yi, saboda tawadar biro tana daskarewa, batiran kyamara da na na'urar nuna wuri kuwa a aljihun ciki ake ajiye su don ɗumin jiki.

Ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na Antatika ne ƙanƙara ba ta rufe ba, amma ɗan abin da ya fito fili ya fito tsaf. Wanda ya koyi aikin nan a arewacin Najeriya, inda jar ƙasa mai kauri take ɓoye dutse sai an bi rafi ko gefen hanya kafin a ga fuskarsa, zai yi mamakin ganin bango guda mai tsawon ɗaruruwan mitoci ba ciyawa ba ƙasa, kowane layi a bayyane. Matsalar a nan daban ce: sanyi yana farfasa dutse, saman tsaunuka da yawa tarin ɓaraguzai ne da suka gusa daga mazauninsu, kuma awon da aka yi a kan dutsen da ya gusa ba shi da wani amfani.

5 ga Janairu

Yau muka sami fuskar dutsen da nake ganin aikin gaba ɗaya zai rataya a kanta, a gindin wani bango inda iska ta kwashe dusar ƙanƙara ta bar kwari mai zurfi. Abubuwa uku ne a jere, kuma ana iya faɗin wanda ya riga wani ba tare da na'ura ba.

Na farko shi ne nayis mai launin toka, uwar dutsen, layukansa sun karkata zuwa kudu maso gabas, a kan shimfiɗarsu kuma ma'adanai sun miƙe dogo-dogo suna nuna hanyar da dutsen ya ja. Manyan ƙwayoyin ma'adanin felsfa da ke ciki suna da jela a ɓangarori biyu, kuma yadda jelar ta kwanta ya nuna cewa na sama ne ya tura zuwa arewa maso yamma. Na biyu wata jijiya ce ta giranit mai ja-ja, wadda ta ratsa layukan nayis ɗin a wani wuri, alamar ta shigo bayan an riga an yi su, amma ita ma an naɗe ta, kuma a cikin lanƙwasar ma'adananta sun jeru daidai da na dutsen da ke kewaye da ita. Na uku farar jijiya ce mai ɗigo-ɗigon baƙin tomalin, wadda ta yanke nayis ɗin da jar jijiyar duka biyu a miƙe, ba lanƙwasa ko kaɗan.

Hisabin a bayyane yake. Naɗin ƙarshe ya zo bayan jar jijiya ta daskare, ya kuma ƙare kafin farar ta shigo, saboda haka idan aka san shekarun jijiyoyin biyu an kama naɗin a tsakaninsu. Wannan ne ya sa na fi daraja wurin nan a kan duk kyawawan samfuran da za a iya tsinta a warwatse, domin adadin shekarun da na'ura za ta bayar ba ya cewa komai sai an san matsayin dutsen da aka auna a cikin jerin abubuwan da suka faru, wannan sanin kuwa a nan kaɗai ake samunsa, gaban bangon.

Mun yini muna zane da ɗaukar hoto kafin guduma ta sauka. Kowane samfurin da za a yanka don duban ciki sai an auna kwanciyarsa, an zana kibiya da alamar sama a jikinsa yana nan a mazauninsa, sannan a ɓalle shi, don a iya mayar da shi yadda yake a kan teburin gwaji. Na neman zirkon kuwa, wato ma'adanin da ake auna shekarun dutse da shi, manya muka ɗauka, kilo uku zuwa biyar kowanne, daga tsakiyar jijiya, muka farfashe gefunan a wurin domin kada ƙwayar nayis ko ɗaya ta bi su.

8 ga Janairu

Iska mai gangarowa daga tudun ƙanƙara na kudu ta taso da dusa, ba a ganin tanti na kusa, babu fita. Na yi amfani da zaman wajen kwafe awon fage a littafi na biyu da jera kusurwoyin a taswirar da'ira, inda layukan jan dutse suka taru wuri guda a kudu maso gabas, kamar yadda ido ya nuna.

11 ga Janairu

Mun leƙa Straumsvola, wanda dutsensa sayanayit ne da ya kutso cikin nayis kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, tare da baƙaƙen jijiyoyin dolarayit da suka tsattsaga yankin. Waɗannan sa'o'in duwatsun Karoo ne da suka gina tsaunukan Lesotho, kuma su ne alamar lokacin da Gondwana ta fara tsagewa, Antatika ta rabu da gaɓar Mozambik. Ba su cikin tambayarmu, amma dole a san inda suke, domin zafinsu yana iya ɓata lissafin shekarun ma'adanan da ke maƙwabtaka da su. Mun yanke shawarar ba za a ɗauki samfurin auna shekaru kusa da ko ɗaya daga cikinsu ba.

17 ga Janairu

Mun matsa gabas da baburan ƙanƙara, a ɗaure da igiya tsakaninmu, zuwa ɓangaren da duwatsun suka fi shan wuta. A nan nayis ɗin ya fara narkewa a zamaninsa, fararen zare-zaren narkakken dutse sun cika shi, a cikinsa kuma akwai dunƙule-dunƙulen baƙin dutse da jan da aka yi wa uwar ya tsittsinka. Dunƙulen nan su muka zo nema. Da yake sun fi abin da ke kewaye da su tauri, ruwa da matsi na baya ba su ratsa cikinsu sosai ba, sai tsakiyarsu ta adana ma'adanan da suka tsiro a lokacin da dutsen ya kai iyakar zurfinsa. Da gilashin hannu ana ganin jajayen ƙwayoyin ganet, kowace da farin zobe siriri a kewaye. Binciken da aka yi a baya a wannan yanki ya nuna cewa irin waɗannan duwatsu sun nutse zurfin da ya haura kilomita 40, zoben kuma sawun dawowarsu sama ne, lokacin da matsi ya ragu ganet ya fara rushewa.

Fasa su aiki ne mai wuya, domin babbar guduma tana dawowa daga jikinsu kamar ba ta taɓa su ba, sai an bi tsagar da sanyi ya fara. Shugaban tawagarmu ya tunatar da mu cewa jirgin da zai kwashe mu yana da iyakar nauyi, don haka kowane dutse sai ya amsa tambaya kafin ya shiga buhu. Na goyi bayan wannan ƙa'ida har zuciya, ba don nauyi kaɗai ba. Yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta haramta duk wata harkar ma'adinai a nahiyar in ban da binciken ilimi, kuma da izinin hukuma muke ɗaukar abin da muke ɗauka. Bangon da aka fasa a nan ba ya warkewa a tsawon rayuwar mutum, ɗan gansakukan da ke manne da wasu duwatsun kuwa yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya yi faɗin farce, saboda haka duk fuskar da muka gan shi a kanta mun bar ta.

27 ga Janairu

An gama aikin fage. An sake duba lambar kowane samfuri a jikin dutse da jikin buhu da cikin littafi, an zuba su a gangunan roba an liƙe. Sharar sansani duka, har da bayan gida, ta bi mu zuwa tasha, kamar yadda doka ta tanada. Abin da ya kuɓuce mana shi ne tsaunukan can kudu, waɗanda rashin kyawun yanayi ya hana jirgi kai mu, kuma wannan giɓi ne da zai rage faɗin abin da za mu iya cewa.

18 ga Maris, ɗakin gwaji

Gangunan sun iso lafiya. An raba kowane samfuri uku: kashin yanka, kashin niƙa, da kashin ajiya da ba za a taɓa ba. Masu kibiya an yanka su a tsaye bisa layukan dutsen, daidai da hanyar jan, domin ta wannan fuska ce kaɗai ake ganin alkiblar turi. Za a manna yankan a gilashi a goge shi har kaurinsa ya koma maikuron 30, wato kashi uku cikin ɗari na milimita, inda haske yake ratsa yawancin ma'adanai.

22 ga Afrilu

Duban madubin ƙara girma ya tabbatar da abin da aka gani a fage, ya kuma ƙara a kai. A cikin nayis mai toka, kwaz ya miƙe ya zama ɗamara-ɗamara, felsfa kuma ya sake tsirowa ƙanana-ƙanana a gefunansa, abin da ba ya faruwa sai zafi ya haura digiri 500 ko kusa da haka. Ke nan turin nan a cikin zafi mai tsanani aka yi shi, ba wani ɗan motsi ba ne na bayan dutse ya huce. Jar jijiyar tana ɗauke da irin wannan saƙa ɗin, alkibla ɗaya da ta nayis. Farar kuwa ƙwayoyinta suna nan yadda suka daskare daga narkakken dutse. Zoben da ke kewaye da ganet ya bayyana a matsayin cakuɗar felsfa da hombilen masu kama da tsutsotsi, wadda ita ce sananniyar alamar saukar matsi cikin hanzari.

Garin duwatsun da aka niƙa ya tafi awon sinadarai da hasken eksire. Sakamakon farko ya nuna cewa nayis mai toka asalinsa dutsen wuta ne irin wanda yake fitowa inda ɓawon teku yake nutsewa ƙarƙashin wani, wanda ya dace da abin da aka sani game da ɗamarar Maud, wato jerin murɗaɗɗun duwatsun da Sverdrupfjella take cikinsu.

6 ga Yuni

Watan nan na fitar da zirkon ne. Ana farfasa dutse, a niƙa, a tankaɗe, sannan a wanke garin a kan tebur mai girgiza inda ruwa yake tafiya da marasa nauyi ya bar masu nauyi, kamar dai yadda masu wankin kuza suke yi a Jos. Abin da ya rage sai a bi da shi ta maganadisu, sannan a zuba shi cikin ruwan sinadari mai nauyi wanda kwaz da felsfa suke yawo a samansa, zirkon kuwa, da nauyinsa ya ninka na ruwa fiye da sau huɗu da rabi, ya nutse. Daga kilo da yawa abin da ake samu bai cika kan cokali ba, daga nan kuma da hannu ake tsintar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi.

Tsakanin samfuri da samfuri ana kwance injin niƙa a wanke shi sarai, kuma na sa jar jijiya ta riga nayis shiga. Dalili shi ne idan tsohuwar ƙwaya ta bayyana a cikin jijiyar, ina so in tabbata daga cikin dutsen ta fito, ba daga haƙoran inji ba.

Abin da ya sa ake wannan wahala a kan zirkon shi ne yana karɓar yuraniyom lokacin da yake tsirowa amma yana ƙin dalma, don haka kusan duk dalmar da aka samu a cikinsa daga ruɓewar yuraniyom ta zo. Yuraniyom mai lamba 238 yana ɗaukar shekaru biliyan 4.47 kafin rabinsa ya koma dalma, mai lamba 235 kuma miliyan 704. Agogo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya, kuma idan suka saɓa wa juna an san wani abu ya taɓa ƙwayar bayan haihuwarta.

20 ga Yuli

An binne ƙwayoyin a cikin ƙaro, an goge har tsakiyarsu ta fito, an ɗauki hotonsu da na'urar ilektaron. Na nayis mai toka suna da ciki mai zobba sirara a jere, irin na zirkon da ya tsiro a narkakken dutse, da baki mai duhu marar zane wanda ya ci cikin a wasu wurare. Na jar jijiya iri biyu ne: dogaye masu tsini da zane ɗaya tun daga ciki har waje, da kuma masu tsohon ciki mulmulalle da sabon baki mai kauri. Wasu bakunan nayis ɗin sun fi ɗigon hasken leza da ake auna shekaru da shi siranta, wanda faɗinsa yake wajen maikuron 25 zuwa 30, kuma duk awon da ya hau ciki da baki a lokaci guda zai ba da shekarun da babu abin da ya faru a cikinsu. Irin waɗannan na cire su daga jerin tun kafin a kunna na'ura.

10 ga Agusta

Sakamakon farko ya fito, kuma na rubuta shi a nan a matsayin na wucin gadi. Cikin ƙwayoyin nayis ya taru wajen shekaru miliyan 1,100 da 'yan kai, lokacin da dutsen ya fara daskarewa. Bakunansu sun rabu biyu, kaɗan sun ba da abin da ya ɗan haura miliyan 1,000, mafi yawa kuma wajen miliyan 540, da ƙarancin toriyom irin na zirkon da ya tsiro a cikin gashi. Farar jijiya ta tsaya ƙasa kaɗan da miliyan 500, kusa da abin da aka auna a irinta a baya. Jar jijiya, wadda ita ce ginshiƙin maganar, dogayen ƙwayoyinta sun faɗa cikin zamanin haɗuwar Gondwana, tsofaffin cikunan kuma sun yi daidai da na nayis, alamar gado ta yi daga dutsen da ta narko.

Idan wannan ya tabbata, naɗin da muka gani ranar 5 ga Janairu da turin arewa maso yamma da ke jikin jar jijiya aikin zamani na biyu ne. Ra'ayina ya karkata can, amma iyakarsa ita ce wannan bango. Bakunan da suka haura miliyan 1,000 sun nuna cewa gashin farko gaskiya ne, kuma jar jijiyar da kanta ta ratsa layukan da suka riga ta, don haka mai cewa tsohon turi ne aka sake bi ta kansa a alkibla ɗaya bai rasa hujja ba.

Shekarun nan ba baƙi ba ne ga wanda ya san duwatsun gida. Tsofaffin giranit na Najeriya, irin su Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara, 'ya'yan wannan babban zamani ne, wajen shekaru miliyan 600. Sai dai ɗamararsu daban ce, ta karon da aka yi a gabashin tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma, ita kuwa ta Sverdrupfjella ci gaban wadda ta bi gabashin Afirka ce ta gangaro ta Mozambik. Ɗinki biyu ne a jikin nahiya ɗaya, kuma bai kamata a haɗa su ba don kawai shekarunsu sun kusanci juna.

26 ga Agusta

An tsayar da matakin gaba. Raunin zirkon ɗin da muka auna shi ne an fitar da shi daga dutsen, ba a san a wane layi ya zauna ba. Saboda haka za a koma kan yankan gilashi a nemi monazayit da titanayit, ma'adanan da su ma ake auna shekaru da su, a auna su a inda suke: waɗanda ganet ya haɗiye ya kare su a gefe guda, waɗanda suka miƙe a cikin layukan turi a ɗaya gefen. Idan na cikin ganet suka ba da miliyan 1,000, na layukan kuma suka ba da 540, an raba aikin zamunnan biyu a cikin dutse ɗaya. Idan dukansu suka ba da 540, to nutsewar zuwa zurfin kilomita 40 ma ta zamani na biyu ce, wanda zai ƙarfafa hujjar masu wannan ra'ayi ƙwarai. Siraran bakunan da leza ta kasa kuma an nemi lokaci a wani ɗakin gwaji mai na'urar da take aunawa da ɗigo mafi ƙanƙanta. An riga an zaɓi yankan da za a fara da su, daga dunƙulen baƙin dutse na 17 ga Janairu, kuma gobe za a shafa musu kabon don neman ƙwayoyin.